Malejin Mota: Inda Ake Adana Lissafin Tafiya da Yadda Ake Gyara Shi

 Shirin faɗakarwa na wannan mako ya shafi wasu 'yan lambobi shida da ke bayyana a agogon mota, a bayan sitiyari, waɗanda direbobi da makanikai ke kira maleji, wato jimillar nisan da mota ta yi tun ranar da ta fito daga masana'anta. Waɗannan lambobi su ne mai saye ke leƙawa da zarar ya gama duba jiki da fenti, da su dillali ke kafa hujjar farashi, da su kuma kamfanin da ya ƙera motar ya tsara lokacin juyen baƙin mai da canjin bel ɗin taimin da sauran hidimomin inji. Duk da nauyin da aka ɗora musu, mutane ƙalilan ne suka san inda ake adana su a cikin motar, da yadda ake rubuta su, da dalilin da ya sa mai ƙaramar na'ura a hannu ke iya sauya su cikin 'yan mintuna. Lambar da ke agogo rubutu ce da aka ajiye a wani ɗan ƙaramin ma'aji, kuma duk rubutun da aka bar ƙofar gyara shi saboda larura, to ta wannan ƙofar ce mai ha'inci zai shigo, don haka gaskiyar lambar ba ta tabbata sai an samu shaida daga wani wuri dabam.

Dabarar auna nisa da juyawar taya tsohuwa ce ƙwarai. Vitruvius, masanin gine-gine na daular Rum wanda ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya bayyana wani keken doki da aka haɗa wa faya-fayai masu haƙora suna juya juna, ta yadda duk lokacin da ƙafar keken ta juya sau 400, wato mil ɗaya na Rumawa, sai tsakuwa ɗaya ta faɗa cikin akwati, a ƙarshen tafiya a ƙirga tsakuwoyin a san nisan da aka yi. Motocin ƙarni na 20 ba su yi nisa da wannan tunani ba. A motoci irin su Peugeot 504 da 505, wani kebur ne ke tasowa daga giyabos zuwa bayan agogo, a cikinsa akwai waya mai juyawa, ita kuwa tana juya 'yan faya-fayai masu ɗauke da lamba 0 zuwa 9, kuma duk lokacin da faifan dama ya yi zagaye ɗaya sai ya tura na hagunsa gaba da lamba ɗaya. Masu ha'incin wancan zamani buɗe agogon suke yi su juya faifan da hannu, sau da yawa kuma asirinsu na tonuwa saboda lambobin ba sa sake daidaita a layi ɗaya. Da agogon lantarki ya fara mamaye kasuwa daga shekarun 1990, jama'a da dama sun ɗauka an rufe wannan babi, alhali kuwa aikin ya koma hannun mai kwamfuta ne, kuma shi ba ya barin karce ko karkatacciyar lamba da ido zai gani.

A motar zamani babu kebur mai juyawa, abin da ke akwai shi ne sensa, wato ƙaramar na'ura mai maganaɗisu da ke jin wucewar ƙarfe a gabanta ta mayar da shi bugun lantarki. A wasu motoci an ɗaura ta a jikin giyabos, a mafi yawan na baya-bayan nan kuwa ana amfani da sensocin birkin ABS ne, wato tsarin da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, domin kowace ƙafa tana da zobe mai haƙora da sensa a gefensa. Lissafin yana da sauƙin bi. Tayar ƙaramar mota mai girman 195/65 R15 tana cin kusan mita biyu a kowane zagaye, saboda haka tana juyawa kimanin sau 500 a kilomita ɗaya, idan kuma zoben yana da haƙora 48, sensar za ta aika bugu kusan 24,000 kafin a cika wannan kilomita. Kwamfutar birki ce ke tattara bugun, ta aika da sakamakon zuwa agogo ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe da juna, waɗanda duk kwamfutocin motar ke magana da juna a kansu. Wannan hanyar sadarwa ita ake kira CAN, kamfanin Bosch na Jamus ne ya gabatar da ita a 1986, ta kuma shiga motocin kasuwa a 1991 da babbar Marsandi samfurin W140. Daga wannan lissafi za a gane wani abu da masu son manyan tayoyi ba su cika lura da shi ba, wato motar ba ta san tsawon hanya ba, zagayen taya kawai take ƙirgawa, don haka wanda ya sa taya mafi girma daga wadda kamfani ya tsara, malejinsa zai riƙa nuna ƙasa da ainihin tafiyar da ya yi ba tare da kowa ya taɓa agogon ba.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce inda jimillar ke kwana idan an kashe mota. Kowane direba ya san cewa idan aka cire kan batir, agogon lokaci yana komawa farko, tashoshin rediyo da aka saita suna iya gogewa, amma maleji yana nan yadda aka bar shi. Dalili shi ne ana rubuta shi a wani irin ma'ajin bayanai da ba ya buƙatar wuta kafin ya riƙe abin da aka sa masa, wanda masana ke kira EEPROM, wato ma'ajin da ake gogewa da lantarki a sake rubutawa da lantarki. Wanda ya kwance agogon wata Toyota ko Honda ta farkon shekarun 2000, ya cire murfin baya, zai ga koren fanel cike da siraran hanyoyin tagulla, a wani gefe kuma zai ga ɗan baƙin abu mai ƙafafu takwas, huɗu a kowane ɓangare, wanda bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, an like shi da dalma, a bayansa an rubuta lamba irin 93C46 ko 93C56 ko 93C66. Na farkon yana ɗaukar bayit 128 kacal, bayit kuwa shi ne gurbin da ke ɗaukar harafi ɗaya, wanda ke nufin ko cikakken saƙon tes guda mai haruffa 160 ba zai shiga cikinsa ba. A cikin wannan ɗan wuri ne ake ajiye malejin, tare da wasu saituna kamar daidaiton allurar mai da ta zafin inji, a wasu motocin har da lambar shasi da bayanan makulli. Ɗaruruwan dubban naira, wani lokaci miliyoyi, na bambancin farashi suna rataye ne a kan 'yan bayit da ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Wannan ma'aji yana da rauni guda da ya tilasta wa injiniyoyi yin dabara. Kowane gurbi a cikinsa yana da iyakar yawan gogewa da sake rubutawa da zai jure, galibi tsakanin sau 100,000 zuwa miliyan ɗaya gwargwadon irinsa, bayan haka sai ya fara kasa riƙe abin da aka rubuta, kamar yadda takarda ke hujewa idan ɗalibi ya yi ta gogewa yana sake rubutu a wuri ɗaya. Mota kuwa tana iya yin kilomita 400,000 ko fiye, a cikin zafin rana da girgizar hanya waɗanda ke ƙara gajiyar da kayan lantarki. Saboda haka ba a rubuta jimillar a gurbi ɗaya, ana rarraba aikin ne a gurabe da yawa ana zagayawa a kansu. Wani tsari da aka sani shi ne na gurabe 16, inda duk kilomita ɗaya ake ƙara ɗaya a gurbi guda, kilomita na gaba a ƙara a gurbin da ke biye, har a zagayo, jimillar abin da ke cikin guraben duka ita ce malejin. Motar da ta yi kilomita 150,000 za a tarar kowane gurbi yana ɗauke da 9,375, idan ta ƙara kilomita uku sai gurabe uku su koma 9,376, sauran 13 su tsaya yadda suke. Ta haka kowane gurbi ya ɗauki kashi ɗaya cikin 16 na wahalar, kuma idan wuta ta yanke a daidai lokacin da ake rubutu, abin da zai lalace gurbi ɗaya ne, sauran za su nuna inda lissafi ya tsaya.

Ba kuma da lambobin da aka saba gani ake rubutun ba. Kwamfuta tana aiki da sifili da ɗaya ne kawai, masu gyara kuwa suna karanta abin da ke cikin ma'ajin da wani tsarin ƙidaya mai alamomi 16, wato 0 zuwa 9 sannan A zuwa F, inda 150,000 ke fitowa a matsayin 249F0. A kan wannan, kowane kamfani da ke ƙera agogo, irin su Denso da Yazaki na Japan ko VDO na Jamus, yana da salonsa. Wani yana juya rubutun, duk inda ya kamata a sa sifili ya sa ɗaya, wani yana rubuta lambar sannan ya rubuta kishiyarta a gefe domin a gwada su da juna, wani kuma yana ƙara abin da ake kira lambar tantancewa, wato wata ƙaramar lamba da ake samu ta hanyar yin lissafi a kan sauran, ta yadda idan aka sauya ko da gurbi ɗaya ba a sauya ta ba, agogon zai gane an samu matsala ya nuna layuka ko saƙon kuskure a maimakon maleji. Ya kamata a fahimci cewa yawancin waɗannan dabaru an yi su ne domin kare lissafi daga lalacewa, ba domin tsare shi daga ɓarawo ba, kuma wannan shi ne tushen matsalar. Mutumin da ya samu agogo biyu ko uku na mota iri ɗaya, ya karanta ma'ajinsu ya gwada da abin da suke nunawa, zai iya gano salon, da zarar an gano kuwa sai a zuba shi cikin manhaja a sayar wa duniya.

Kamfanoni sun yi yunƙurin toshe ƙofar ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ƙera ma'ajin da ba ya komawa baya. Kamfanin STMicroelectronics ya fitar da wani mai lamba M35080, wanda BMW ta yi amfani da shi a motoci da yawa, inda guraben maleji ke karɓar lamba mafi girma daga wadda ke ciki amma su ƙi karɓar ƙarama. Dabarar ta yi aiki na ɗan lokaci, daga baya masu sana'ar suka koma cire ma'ajin gaba ɗaya su like sabo, har kuma aka ƙera na'urorin da ke iya goge shi. Hanya ta biyu, wadda ta fi amfani, ita ce ajiye lissafin a wurare da dama. A BMW na wancan zamani akwai kwafi a kwamfutar da ke kula da fitilu, idan kuma aka sa agogon da lambar shasinsa ba ta dace da ta motar ba, wani ɗan ɗigo yana bayyana kusa da malejin domin ya sanar cewa an taɓa wurin. A Marsandi da yawa akwai kwafi a kwamfutar makulli. A motocin Peugeot irin su 307 da 406 na baya-baya, waɗanda aka haɗa a masana'antar Kaduna kuma suka cika hanyoyin Arewa, ana ajiye malejin a agogo da kuma akwatin lantarkin da ake kira BSI, idan suka saɓa sai a ɗauki mafi girma a rubuta a duka biyun. Masu gyaran wayarin sun san illar wannan, domin wanda ya aro agogon wata mota mai maleji da yawa don gwaji kawai, yana iya wayar gari motarsa ta gaji tafiyar da ba ta yi ba. A motocin da suka fito daga baya an daina amfani da ma'aji na dabam a wurare da yawa, ana rubuta lissafin a cikin babbar ƙwaƙwalwar agogon kanta tare da kulle shi da lambobin sirri, wanda ya ƙara wa aikin wuya da tsada amma bai hana shi ba.

Dalilin da ya sa ba a kulle ƙofar gaba ɗaya ba shi ne akwai gyara na halal, kuma buƙatarsa ta gaskiya ce. Agogo yana ƙonewa idan ruwa ya shiga mota, ko idan aka juya kan batir wajen tayar da mota da batirin wata, gilashin da ke nuna lambobi yana dusashewa, haɗari yana fasa shi. Akwai ma wani misali da ya shafi motar da ta yi yawa a Najeriya, domin wasu Toyota Corolla da aka ƙera tsakanin 2003 da 2008 malejinsu yana tsayawa cak idan ya kai 299,999, motar na tafiya lafiya amma lissafi ya ƙi gaba. A duk waɗannan halaye mai mota zai sa wani agogon, sabo ko na gwanjo, shi kuwa sabo yana zuwa da sifili, na gwanjo yana zuwa da tafiyar wata motar, dukansu biyu ƙarya suke faɗi game da motar da aka sa su. Gyara a nan yana nufin mayar da lambar gaskiya ne. Ana yin sa ko dai ta hanyar karanta ma'ajin tsohon agogon a kwafe cikin sabon, da ɗan matsi mai baki takwas da ake maƙalawa a ƙafafun ma'ajin ko kuma a narkar da dalmar a ciro shi, ko ta hanyar na'urar kamfani da ake sokawa a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD, kuma ya zama wajibi ga motocin Amurka tun 1996. Kamfanin Volkswagen ya tsara nasa da hikima, domin a motocinsa da yawa sabon agogo yana karɓar maleji sau ɗaya ne tak, kuma sai idan bai wuce kilomita 100 ba, bayan haka ƙofar ta rufe. Dokar Amurka kuma ta tanadi cewa idan ba a iya mayar da lambar gaskiya ba, a bar agogon a sifili, a manna takarda a jikin ginshiƙin ƙofar hagu mai nuna malejin da motar take da shi da ranar da aka yi aikin, kuma cire wannan takarda da nufin yaudara laifi ne.

Na'urar da ke yin wannan aiki na halal ita ce dai ke yin na haram, hannun da ya rubuta 180,000 domin ita ce gaskiya shi ne zai rubuta 80,000 idan an biya shi, kuma babu abin da ke cikin ma'ajin da zai nuna niyyar mai rubutu. Masu kallon abin a matsayin 'yar dabarar kasuwa suna raina girman cutarwar. Asarar kuɗin saye ita ce ta fili, amma wadda ta fi ta muni tana zuwa daga baya. A injina masu bel ɗin taimin, wato bel ɗin roba mai haƙora da ke daidaita motsin bawul da fistin, kamfanoni galibi suna umartar a canza shi a wani wuri tsakanin kilomita 90,000 da 160,000 gwargwadon motar, kuma a injina da yawa idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistin yana dukan bawul, injin ya lalace nan take. Magidancin da ya sayi mota yana ganin 70,000 alhali ta haura 200,000 zai zauna da natsuwar cewa yana da sauran lokaci, ya ɗauki iyalinsa ya hau doguwar hanya da bel ɗin da wa'adinsa ya daɗe da wucewa, haka kuma lamarin yake ga man giya da kayan ƙafa da famfon ruwa. Malaman fiƙihu suna kiran ɓoye aibin haja da ƙawata ta da abin da ba shi ne gaskiyarta ba tadlisi, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da ita, dokar kare masu saye ta tarayyar Najeriya ta 2018 ita ma ta haramta yaudarar mai saye game da halin abin da ake sayar masa.

Alƙaluman ƙasashen da suka yi bincike suna nuna girman abin. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta tarayyar Amurka ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci sama da 450,000 a kowace shekara da malejin ƙarya, abin da ke jawo wa masu saye asarar fiye da dala biliyan ɗaya, duk da cewa ƙasar ta haramta aikin tun 1972, ta kuma ƙara dokar 1986 da ta wajabta rubuta maleji a takardar mallaka duk lokacin da mota ta sauya hannu. Jamus ta mayar da shi laifin da ke iya kai mutum gidan yari na shekara ɗaya a 2005. Da Majalisar Tarayyar Turai ta tattauna batun a 2018, ƙiyasin da ke gabanta ya nuna cewa a cinikin cikin gida motocin da aka taɓa malejinsu suna tsakanin kashi 5 zuwa 12 cikin 100, amma a motocin da suka tsallaka iyaka daga wata ƙasa zuwa wata adadin yana kaiwa kashi 30 zuwa 50. Wannan tazara ita ce ta fi komai bayyana yadda ha'incin ke rayuwa, domin motar iri ɗaya ce, ma'ajin iri ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne idan mota ta tsallaka iyaka tarihinta yana tsayawa a baya.

Ƙasar da ta fi kowa cin nasara ba ta yi hakan da sabuwar fasahar lantarki ba. Beljiyam ta kafa tsarin Car-Pass, wanda ya fara aiki a 2006, inda aka wajabta wa kowane gareji da wurin gwajin mota da mai canza taya ya aika da lambar shasi da maleji da kwanan wata zuwa rumbu guda duk lokacin da mota ta shigo hannunsa, kuma ba a sayar wa mutum tsohuwar mota sai an miƙa masa takardar da ke jere da waɗannan lambobi. Motar da aka rubuta mata 190,000 a bara ba za ta iya bayyana da 110,000 a bana ba tare da takardar ta tona ba, saboda haka ha'incin ya ragu ƙwarai a cinikin cikin ƙasar. Holan tana da irin wannan rumbu, a Birtaniya kuma kowa na iya shiga intanet da lambar mota ya ga malejin da aka rubuta a gwajin kowace shekara.

Nan ne batun ya taɓa masu sauraro kai tsaye. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci kimanin miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma, kusan kashi 40 cikin 100. Motocin da ake kira tokumbo ko Beljiyam ko 'yan Kwatano, waɗanda ke sauka a tashoshin Legas da Kwatano da Lome su wuce Kano da Kaduna da Maraɗi da Yamai, dukansu sun tsallaka iyaka, wasu fiye da sau ɗaya, sun kuma bi ta hannaye da yawa tsakanin wurin gwanjo da filin dillali, kowane hannu kuwa yana da riba idan lambar ta ragu. Wannan ba ya nufin kowane dillali maha'inci ne, da yawansu ma a haka suka sayo motar ba su sani ba, amma yana nufin rantsuwar mai sayarwa ba ta isa hujja ba ko da shi mai gaskiya ne.

Mai saye yana da hanyoyin bincike fiye da yadda ake zato, kuma mafi ƙarfinsu ita ce lambar shasi mai alamomi 17, wadda ake gani ta gilashin gaba a ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Idan motar daga Amurka ko Kanada ta fito, kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck suna sayar da rahoton tarihinta, sau da yawa kuma hotunan da aka ɗauka a wurin gwanjo, har da hoton agogon yana kunne, suna nan a intanet ga wanda ya nema da wannan lamba. Sai a tabbatar lambar da ke gilashi ta dace da ta ƙofa da ta takardun kwastan. Bayan haka sai a kai motar wurin mai na'urar bincike wanda ya san aikinsa, a roƙe shi kada ya tsaya a kan agogo, ya shiga kwamfutar inji da ta giya da ta birki da ta jakar iska, domin da yawansu suna rubuta malejin da motar take da shi a lokacin da wata matsala ta faru, kuma mai gaggawar ha'inci yakan gyara agogo ya manta da su. Idan agogo na nuna 95,000 amma kwamfutar birki tana riƙe da matsalar da ta faru a 210,000, magana ta ƙare. A nan akwai wata sabuwar dabara da ya kamata a sani, wato ɗan ƙaramin fanel da ake ɓoyewa a bayan agogo a kan wayoyin CAN, wanda ke tare saƙon da ke wucewa ya sauya shi, ko dai ya hana kwamfutocin gane saɓanin da ke tsakaninsu ko ya rage ƙidayar tun ana cikin tafiya, don haka alamar an taɓa kwance agogo, kamar sukurorin da bakinsu ya ci ko wayoyin da aka naɗe da sabon salatif, abin tambaya ne.

Jikin motar ma yana ba da labari ga mai haƙurin dubawa. Robar fedar birki da ta side har ƙarfe ya leƙo a gefen dama, sitiyarin da ya yi santsi yana ƙyalli a inda hannu ke kamawa, gefen kujerar direba da ya lotsa, maɓallan gilashi da rubutunsu ya goge, duk ba sa tafiya da motar da aka ce ba ta kai 60,000 ba, haka ma sabuwar robar feda fil a cikin tsohuwar mota. A kan sami 'yar takardar juyen mai manne a saman gilashi ko jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet da maleji a rubuce, a gefen kowace taya kuma akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, inda 2319 ke nufin mako na 23 na shekarar 2019. Sai dai waɗannan alamu ne, ba hukunci ba, domin motar da ta yi shekaru tana zirga-zirgar cikin gari tana iya tsufa a ciki da ƙaramin maleji, wadda ta yi ta doguwar hanya kuma ta yi yawan maleji cikinta na nan da kyau.

Akwai kuma kuskuren da ke faruwa ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka da mil suke ƙidaya, na Turai da Kanada da Japan kuwa da kilomita, ban da na Birtaniya, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.609. Motar Amurka da ke nuna 100,000 ta yi kusan kilomita 161,000 ke nan, don haka mai ita da ke bin jadawalin hidima da aka rubuta da kilomita dole ya riƙa yin wannan lissafi kafin ya yanke lokacin juye ko canjin bel. Wanda kuma larura ta sa ya canza agogo, abin da ya dace shi ne ya ɗauki hoton tsohon yana kunne idan yana iya kunnuwa, ya sa mai gyaran ya rubuta masa rasit mai ɗauke da lambar shasi da tsohon maleji da sabon da kwanan wata, ya ajiye shi tare da takardun motar, ya kuma miƙa shi ga wanda zai saya daga hannunsa.